Furen da ya fito miki a Fabrairu ba za'afaran bane, ga yadda zaki gane kowanne

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki kuma na kalli hotunan, bari in maimaita abinda na fahimta don kar in je ina amsa abinda ba'a tambaya ba. Kun tare a wani gida a garin Leeds na Ingila bara da rani, a watan Satumba wasu manyan furanni ruwan hoda suka ɓullo a gindin katanga babu ganye ko ɗaya, maƙociyarki Baturiya tace miki dangin za'afaran ne, yanzu kuma tun tsakiyar Fabrairu wasu ƙanana sun cika ciyawar bayan gida, akwai shunayya akwai fari akwai ruwan ɗorawa, kina so ki san sunan kowanne, sannan ko zaki iya tsinkar zaren tsakiyar ki dinga sawa a shinkafa da shayi.

Ta ƙarshen zan fara amsawa saboda ita ce mai hatsari. Dan Allah kar ki sa komai a tukunya. Wannan na Satumban, duk da hoton ya ɗan yi dishi-dishi, na ƙirga sandunan garin furen dake cikinsa, wato 'yan tsinkayen nan masu ɗauke da ƙurar fure, naga kamar shida ne, kuma in dai shida ne toh ba kurokas bane sam, wato ba dangin furen da za'afaran ke fitowa daga cikinsu bane, Colchicum ne, guba ne tun daga saiwa har fure, dafuwa bata kashe gubar kuma babu wani makari da ake bayarwa a asibiti ya warware ta kai tsaye. Daga jikinsa ake samun maganin colchicine da likitoci ke bayarwa kaɗan-kaɗan ga masu ciwon gaɓoɓin nan na gawut, amma abinda likita ya auna daban, abinda mutum ya tsinko a bayan gida daban. Maƙociyar taki ba ƙarya tayi miki da gangan ba, su Turawan ne suka sa masa sunaye masu rikitarwa, ɗaya yana nufin kurokas na kaka ɗayan kuma za'afaran na makiyaya, alhali ko dangi ɗaya basu ba. Kurokas na gaskiya, wanda masana ke rubutawa Crocus, sandunan garinsa uku ne kacal, ba huɗu ba ba shida ba, a tsakiyarsu kuma zare ɗaya ne ya taso sai a can sama ya rabu. Colchicum shida ne da zare uku kowanne daban. Ganye ma ya isheki shaida, na kurokas siriri ne kamar ciyawa da farin layi a tsakiyarsa daga ƙasa har sama, na Colchicum kuwa yanzu cikin Maris zaki ga ya fito a daidai wajen da furen yayi bara, faffaɗa mai sheƙi ba farin layi. Ki je gindin katangar ki duba, inaga ya ma fara leƙowa.

Toh yanzu sauran. Na shekara goma sha wani abu ina aikin lambu a ƙasar nan, kafin nan nayi shekara biyu a gonar masu noman irin waɗannan furannin a Holan, kuma kuskuren da nake gani kowa nayi, nima nayi shi, shine fara neman suna ta hanyar kala. Mutum zai ɗauki waya ya rubuta kurokas shunayya sai hotuna dubu su fito masa duk kama ɗaya. Kala ita ce abu na ƙarshe da ake dubawa, don jinsi ɗaya zai iya baki fari da shunayya da mai zane, sannan kyamarar waya bata iya ɗaukar shunayya daidai, sau da yawa sai ta mayar da shi shuɗi. Abinda ke faɗa miki gaskiya shine watan da ya fito, kalar maƙogwaron furen wato can cikin ƙasan kofin, kalar dogon wuyan da ya fito daga ƙasa, faɗin ganye, yadda zaren tsakiya ya rabu, sai kuma babban alƙali wanda yake binne a ƙasa, ɓawon ƙwayar.

Sannan ki raba abu biyu a ranki. Akwai jinsi, wanda Allah Ya halitta a daji yana fitowa da kansa a duwatsun Turkiyya da Girka da ƙasashen Balkan, daga Fotugal da Maroko har yammacin Sin ake samunsu. Akwai kuma irin da masu lambu suka zaɓo suka raɗa masa suna. Kamar lemon zaƙi da lemon tsami ne, waɗannan jinsi biyu ne, amma binta suga da fafaranda duk mangwaro ne mutane suka bambanta su. Shi yasa a jikin fakiti zaki ga suna biyu na Latin sannan wani suna a cikin 'yan waƙafi kamar 'Pickwick'. Jinsin ana iya ganewa da tabbaci in an nutsu. Sunan cikin waƙafin kuwa sau da yawa sai dai ace yafi kama da kaza. Su kansu masanan basu daidaita akan adadin jinsunan ba, Brian Mathew da ya tsara su a 1982 ya ƙirga 80, Jānis Rukšāns na ƙasar Latbiya a 2017 ya haura da su 200, saboda abinda wancan ya haɗa wuri ɗaya wannan ya rarraba. Kar wannan ya dame ki, waɗanda ake samu a lambun gidajen Ingila da ƙyar su wuce goma, kuma biyar daga ciki sune kusan komai.

Waɗannan siraran da suka bazu miki cikin ciyawa tun Fabrairu, masu shunayya mai haske, na kusa rantsewa Crocus tommasinianus ne. An sa masa sunan Muzio de Tommasini, masanin tsirrai da ya taɓa zama magajin garin Trieste dake Italiya a yau. In rana bata fito ba zaki gansu a tsuke kamar tsinke, bayansu toka-toka har ki wuce baki lura ba, da rana ta haska wajen sha biyu sai su buɗe warwar kamar tauraro cikin ya fito da kalarsa. Ki durƙusa ki duba wuyan, fari ne tas kuma siriri, maƙogwaron ma fari, ganyen bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Shine wanda yake zubar da iri yana yaɗuwa da kansa, shi yasa kika gansu har cikin tsagar siminti inda ba mahaluƙin da zai shuka. Ni ina sonsa fiye da duk sauran duk da wasu masu lambu na ƙorafin ya zama ciyawa, kuma na lura kurege baya tonon sa kamar yadda yake tonon sauran. In kika ga wasu a cikinsu sun fi duhu suna iya zama jikokin 'Whitewell Purple' ko 'Barr's Purple', amma tunda daga iri suka fito sunan ya riga ya faɗi, jikan sarki ne ba sarki ba. Akwai kuma 'Ruby Giant' da zaki gani a kowane shago, sunansa na nufin ƙaton ja amma wallahi shi ba ja ba kuma ba ƙato ba, shunayya ne mai duhu, ya ɗan fi na dajin kauri, baya yin iri sai dai ya dinga tara 'ya'ya a gindi ya zama dunƙule, shi yasa ake zaton ruwa biyu ne. Kinga alama kenan, wanda ya watsu ɗaiɗai ko'ina daban, wanda ya dunƙule wuri ɗaya duk kala ɗaya sak daban.

Manyan da suka biyo baya, masu kama da kofin shayi, waɗanda a hotonki na uku wasu basu ma gama buɗewa ba, su ake kira 'yan Holan, a fakiti zaki ga an rubuta Crocus vernus. Sun fi makara da sati biyu zuwa uku, ganyensu faffaɗa ne milimita 4 har 8 da farin layi ɓaro-ɓaro, wuyan yawanci shunayya ne ko da furen fari ne, kuma maƙogwaronsu baya taɓa zama ruwan ɗorawa, ki riƙe wannan. Farin naki mai ƙaton zare ruwan goro a tsakiya da ɗan shunayya a gindi 'Jeanne d'Arc' ne, wannan kam ina da ƙwarin gwiwa don shi ya mamaye kasuwar fararen manya. Mai zane-zanen nan kamar atamfa yafi kama da 'Pickwick', sai dai akwai 'King of the Striped' da suke kama sosai, in ba an ajiye su gefe da gefe ba ni kaina bana yanke hukunci. Haka masu shunayya zalla, 'Remembrance' da 'Flower Record', na biyun yafi duhu, amma duhu akan wa? Sai kina da ɗayan a hannu. In kika ga wani cikin manyan ya riga 'yan uwansa fitowa, cikinsa shunayya mai haske bayansa toka, wannan 'Vanguard' ne, shi yana da sauƙin ganewa. Wani abin haushi kuma tommasinianus da 'yan Holan suna barbara da juna in suna waje ɗaya, ƙudan zuma ne ke haɗa auren, toh a tsohon lambu irin naki dole ki samu wasu tsaka-tsaki da basu da suna a kowane littafi. Ki barsu a haka.

Masu ruwan ɗorawa sune inda aikin yake da daɗi. In babba ne, girmansa ya kusa na 'yan Holan, yalo mai ƙarfi da 'yan layuka masu duhu a gindin ta waje, ya dunƙule da yawa wuri ɗaya, toh 'Golden Yellow' ne, wasu shagunan su rubuta 'Dutch Yellow' wasu 'Yellow Mammoth', duk abu ɗaya ne aka sauya masa riga. Ruwa biyu ne tsakanin Crocus flavus da Crocus angustifolius, baya yin iri ko ƙwaya ɗaya, ɗaruruwan shekaru kenan ana raba 'ya'yansa hannu da hannu. Ki leƙa ciki zaki ga zaren tsakiyar gajere ne, sandunan garin sun fi shi tsawo. A nan unguwarmu gwarare da tattabaru sun fi yagar wannan, da safe sai ki tarar da fallayen a warwatse kamar yara sunyi wasa.

In kuma ƙarami ne mai zagayayyen kai, ƙwaya ɗaya ta fitar da fure uku ko huɗu, ya fito da wuri tare da tommasinianus, in kika kai hanci kiji ɗan ƙamshin zuma, toh kin shiga gidan Crocus chrysanthus da ɗan uwansa Crocus biflorus. Su biyun an gauraya su sosai har masu saidawa ma sun daina wahalar rabewa, komai sai su rubuta chrysanthus. Alamar gidan yawanci ita ce maƙogwaro ruwan ɗorawa ko da furen fari ne ko shuɗi, ganye siriri sosai, a wasu kuma in kika yi zumin da waya zaki ga ɗan baƙin ɗigo a ƙasan sandunan garin kamar an taɓa da bakin biro. A wannan gidan bayan furen ake kallo ba cikinsa ba, don haka gara ki ɗauki hotonsu da safe suna rufe. 'Cream Beauty' ruwan madara ne. 'Gipsy Girl' yalo da zanen ruwan ƙasa a baya, 'Zwanenburg Bronze' kuma bayan nasa kusan duka ruwan ƙasa ne a shafe ba zane ba, sunan daga gonar kamfanin Van Tubergen ta garin Haarlem a Holan ya samo. 'Ladykiller' da 'Prins Claus' ciki fari baya shunayya, na farkon tsini gareshi kuma duhun ya kusa rufe bayan duka sai farin baki, na biyun tabo ne zagayayye. 'Advance' ciki yalo baya shunayya, in ya rufe ki rantse wani fure ne daban. 'Blue Pearl' shuɗi mai haske. Sai 'Snow Bunting', fari da ɗan zane a baya, wanda E. A. Bowles ya fitar, wani dattijo da ya rayu daga 1865 zuwa 1954 har ana masa laƙabi da sarkin kurokas, yana sawa nasa sunayen tsuntsaye, gidansa Myddelton House a Enfield arewacin Landan har yau ana shiga kallon lambun, in kin sauko Landan cikin Fabrairu ki leƙa.

Yanzu ga inda ido ke ƙarewa. Crocus sieberi shima maƙogwaronsa ruwan ɗorawa ne, shima ƙarami ne, shima da wuri yake fitowa. Nau'insa ɗaya 'Tricolor' ko yaro zai gane shi, kala uku a jere kamar tuta, shunayya a sama fari a tsakiya yalo a ƙasa. Amma 'Firefly' ko farin nan 'Bowles's White' zaki iya rikita su da 'yan gidan chrysanthus. Haka Crocus ancyrensis, wanda aka sawa tsohon sunan birnin Ankara ake saida shi da sunan 'Golden Bunch', in kika ajiye shi kusa da chrysanthus yalo zalla sai ki rasa wane ne wane. Anan sai an tono.

Ƙwayar kurokas mutane na ce mata albasa amma ba albasa bace, in kika yanka ba zaki ga falle-falle ba, dunƙulalliya ce kamar gwaza, girmanta daga na aya zuwa na goro ƙarami. Abinda ake dubawa rigar da ta rufe ta. Ki bari sai ganyen ya bushe, ƙarshen Mayu ko Yuni, ki tono ɗaya ki kakkaɓe ƙasar da yatsa kar ki wanke, ki riƙe ta a haske. Ta chrysanthus da biflorus ɓawon santsi ne kamar takarda mai tauri, in kika murza gindin sai ki ga wasu 'yan zobba suna ɓallewa suna faɗowa tafin hannunki, zagayayyu kamar washar famfo. Ta sieberi da ancyrensis raga ce, zare ya saƙu da zare kamar soson wanka, ta angustifolius ragar ma tafi kauri har kina jinta a yatsa. Ta tommasinianus da 'yan Holan zare ne mai laushi sosai, ta flavus zaren a miƙe yake ba saƙa kuma yana barin dogon wuya ruwan ƙasa a sama. Ranar da wani dattijo a gonar Holan ya fara zuba min zobban nan a hannu yace in daina kallon fure, ranar na fara gane abin, kafin nan haddar hotuna kawai nake.

Kar kuma ki yarda da takardar fakiti ɗari bisa ɗari. Akwai shekarar da na sayi ƙwaya 100 a wani shago da sunan 'Whitewell Purple' na shuka wa wata tsohuwa da nake kula mata da lambu, Fabrairu nayi sai ga rabi 'Ruby Giant' rabi kuma wani abu da har yau ban san sunansa ba, tsohuwar bata damu ba tace ai duk sunyi kyau, ni ne na kwana da haushi. A gona injin da ya tono wannan layin shi zai tono na gaba, ƙwaya ɗaya ta maƙale shikenan ta shiga wani buhu. Sannan in kika ga fure da zane a hargitse, fallayen sun murɗe basu buɗe daidai ba, ba sabon iri kika samu ba, cuta ce ta bairos, ki tone shi ki jefa a shara.

Mu dawo kan za'afaran tunda shi ya kawo maganar. Eh daga kurokas ake samunsa, amma jinsi ɗaya tak, Crocus sativus, kuma baya fure a Fabrairu ko Maris ko kusa, sai Oktoba zuwa Nuwamba. Furen shunayya ne mai haske da jijiyoyi masu duhu, ganyensa sirara masu yawa suna nan tare da shi lokacin furen, sannan zaren tsakiyar ja ne wur, ya rabu uku dogaye har suna zubowa waje ta tsakanin fallayen kamar harshe. Wanda ya taɓa gani sau ɗaya bazai sake rikita shi da komai ba. Wannan zare ukun shine za'afaran ɗin da malamanmu ke rubutu da shi ake kuma sawa a turare, sai an tsinke fure wajen 150,000 da hannu kafin a samu kilo ɗaya busasshe, kinga dalilin tsadar, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na duniya daga Iran yake fitowa. Shima baya yin iri, ana ganin daga Crocus cartwrightianus na ƙasar Girka ya samo asali. Ana iya shuka shi a Ingila, garin Saffron Walden a Essex da nomansa yayi suna, amma yana son rani mai zafi da bushewa, a Leeds in ba a tukunya kika sa shi kika kare shi daga ruwan sama ba, shekarar farko zai miki fure daga nan sai ganye.

Akwai wasu kurokas na gaskiya dake fure a kaka waɗanda suma ba za'afaran bane, na ambace su ne don kar ki ƙirga uku kice shikenan an samu. Crocus speciosus shine aka fi shukawa, yana fitowa tsirara ba ganye kamar Colchicum, shuɗi-shuɗi da jijiyoyi, dogon wuya da iska kaɗan ke kayarwa, zarensa ruwan goro ne ya rarrabu gida-gida kamar bakin tsintsiya. Crocus pulchellus kama suke amma sandunan garinsa farare ne da maƙogwaro yalo. Crocus kotschyanus shima sandunan garinsa farare ne, sai dai a gindin kowane falle akwai ɗigo biyu ruwan goro. In kuma kika ga mai yalo a Satumba ko Oktoba ki ƙirga, zaki samu shida, Sternbergia ne wani dangi daban. Duk cikinsu babu na ci, haka na Fabrairun nan ma zaren nasu ba ƙamshi ba ɗanɗano sai dai ya ɓata miki ciki.

Abinda nake so kiyi, gobe in rana ta fito wajen azahar ki ɗauko min kowane iri hoto uku, ɗaya daga sama ana ganin cikin maƙogwaro, ɗaya daga gefe wayar na ƙasa-ƙasa ana ganin wuya da ganye, ɗaya kuma da safe yana rufe, ki ajiye rula ko kwabo a gefe don a ga girma. Ki soka ɗan tsinke a gindin kowane dunƙule ki rubuta lamba, don zuwa Yuni babu abinda zaki gani a wajen sai ciyawa. Ki faɗa wa Alhaji kar ya bi wajen da injin yankan ciyawa sai anyi sati shida da gama fure, in ba haka ba baɗi ganye kawai zaku samu. Na gindin katangar kuma tunda kince kina da 'yan yara masu kai komai baki, ni dai da nice ke safar hannu zan sa in tone shi duka tun yanzu, ki haƙa da zurfi don ƙwayarsa babba ce tana nutsewa ƙasa sosai, kuma kar ki ajiye ta kusa da kicin don kama take da albasa.